Dare ɗaya a Kusatsu: yadda ake shirya ziyarar garin ruwan zafi a tsaunukan Japan

Wanda ya taɓa wanka a Wikki, cikin gandun dajin Yankari, ya san daɗin ruwan da ke fitowa daga ƙasa da ɗuminsa. Amma kada ya auna Kusatsu da Wikki. Ruwan Wikki digiri 31 ne rani da damina, mutum na iya yini a ciki. Ruwan da ke ɓulɓulowa a tsakiyar garin Kusatsu ya haura digiri 50, wata maɓuɓɓugar ma mai suna Bandaiko tana wuce digiri 90, saura ƙiris ta tafasa. Ga shi da tsami kamar ruwan lemon tsami, ga warin farar wuta irin na ɓaragurbin ƙwai. Ko bayan an huce shi, mintoci kaɗan ake yi a ciki a fito.

Kusatsu ƙaramin gari ne a lardin Gunma, arewa maso yamma da Tokiyo. Yana bisa tsauni, mita 1,200 sama da teku, wato kusan tudun Jos, a gindin dutse mai aman wuta da ake kira Kusatsu-Shirane. Mazaunansa ba su wuce dubu shida da 'yan kai ba, amma maɓuɓɓugansa suna fitar da fiye da lita 32,000 a kowane minti ba tare da famfo ba, kuma babu wani garin wanka a Japan da ya kai shi a wannan fanni. Japanawa suna kiran irin wannan ruwa onsen. Dare ɗaya ya isa a ga garin a kuma more ruwan, da sharaɗin an gama da abu biyu tun kafin a bar Tokiyo: inda za a yi wanka ba tare da an buɗe al'aura a gaban mutane ba, da abin da za a ci. Duk wanda ya bar waɗannan sai ya isa, ya makara.

Tun daga gida

Ɗan Najeriya sai da biza, kuma ofishin jakadancin Japan yana Abuja. Na Ghana yana Accra. Harkokin Nijar kuwa ofishin da ke Abidjan ne yake kula da su. Cikin takardun da ake nema akwai jadawalin tafiya na kowace rana, da sunan masauki da lambar wayarsa, don haka daren Kusatsu ma sai an kama shi kafin a miƙa takardu. A zaɓi irin kamun da ake iya sokewa ba tare da tara ba, saboda ba a san ranar da biza za ta fito ba.

Babu jirgin da ke zuwa kai tsaye. Ana sauya jirgi a Adis Ababa, Doha, Dubai, Istanbul ko Alƙahira, a sauka a Narita ko Haneda. Japan tana gaban Najeriya da Nijar da awa takwas, kuma jiki ba ya sabawa da wannan a rana ɗaya. Kada ka sa Kusatsu a washegarin saukarka. Gajiyar jirgi da rashin barci da ruwa mai digiri 43 in suka haɗu, jiri ne sakamakon. Ka kwana biyu ko uku a Tokiyo tukuna.

Kilishi da dambun nama su zauna a gida. Japan ta hana shigo da nama da duk abin da aka yi da nama ba tare da takardar hukuma ba, akwai karnuka masu sunsunar kaya a filin jirgi, kuma hukuncin na iya kaiwa tarar yen (kuɗin Japan) miliyan uku ko ɗaurin shekara uku. Ɗanyun kayan itatuwa ma akwai doka a kansu, sai an nuna wa jami'ai.

Wane lokaci?

Tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshensa shi ne zaɓinmu: ganyen tsauni ya koma ja da ruwan ɗorawa, sanyin ya fi na hunturun Jos amma dusar ƙanƙara ba ta fara ba, hanyoyi a buɗe. Mayu bayan hutun farkon wata, da farkon Yuni, su ma suna da kyau. A Agusta, lokacin da Tokiyo ke dahuwa, Kusatsu tana wajen digiri 20, shi ya sa mutanen birni ke guduwa can. Daga Disamba zuwa Maris dusar ƙanƙara ce ko'ina, sanyi yana sauka ƙasa da sifili. Garin ya fi kyau a lokacin, domin tururi yana tashi har ya rufe gine-gine, amma titunan gangara ne kuma suna da santsi, takalmi mai sulɓin tafi yana iya karya mutum.

Lokuta uku ne ya kamata a kauce wa: daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, da wajen 13 zuwa 16 ga Agusta, da kuma 29 ga Disamba zuwa 3 ga Janairu. Lokutan hutu ne a ƙasar, ɗakuna sun cika, kuɗi ya ninka. Daren Asabar ma ya fi tsada a kowane mako. Daga Litinin zuwa Alhamis ne ake samun sauƙi da sarari. Mai azumi kuma ya haƙura da wankan rana, domin zufar da ake yi a ruwan nan ba ƙarama ba ce.

Masauki, inda tafiyar ke gyaruwa ko ta lalace

Masaukin gargajiya sunansa riyokan. Ana lissafin kuɗinsa ne a kan kowane mutum, ba a kan ɗaki ba, kuma galibi ya haɗa da abincin dare da na safe. Mutane da yawa suna ganin yen 20,000 a shafin kamu su ɗauka na ma'aurata ne, sai a wurin biya su ga 40,000. Matsakaicin masauki yana kamawa daga yen 15,000 zuwa 30,000 a kan mutum ɗaya. Ana ƙara harajin wanka ɗan kaɗan, galibi yen 150, wanda sau da yawa a hannu ake biya.

A ɗakunan wanka na kowa da kowa, maza daban mata daban, amma tsirara ake shiga. Ba a yarda da gajeren wando ko ɗaurin ƙirji a cikin ruwa ba. Ga Musulmi wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma akwai mafita biyu. Ta farko ita ce kashikiri-buro, wato ɗakin wanka da mutum ɗaya ko iyali ke kullewa su kaɗai, na minti 45 zuwa awa ɗaya. A wasu masaukai kyauta ne, a wasu ana biyan yen dubu biyu zuwa uku. Tsarin kama shi ya bambanta: wani wuri tun ranar kama ɗaki, wani wuri sai lokacin da ka iso za a ba ka takarda ka zaɓi awa, wani wuri kuma in ka tarar babu kowa sai ka shiga ka sa sakata. In tsarin na biyu ne, wanda ya riga isowa shi ke ɗaukar awa mai kyau, wanda ya makara ya samu ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Mafita ta biyu ita ce ɗaki mai kwamin wankansa. Nan akwai tarko. Ruwan Kusatsu yana cin ƙarfe, jawo shi zuwa kowane ɗaki aiki ne mai tsada, saboda haka bahon da ke cikin ɗakuna da yawa ruwan famfo ne da aka ɗumama. Ka tambaya a rubuce ko ruwan bahon ɗakin onsen ne. Kalmar da ake nema ita ce gensen kakenagashi: ruwa daga maɓuɓɓuga yana shiga yana malala waje, ba a maimaita shi. A tsofaffin masaukai masu araha kuma, wani ɗakin ba shi da banɗaki ko wurin wanka nasa, sai na tarayya a baranda. Mai buƙatar alwala cikin dare ya tabbatar akwai banɗaki da famfo a ɗakin.

Saƙon da za ka aika ya zama gajere, da Turanci mai sauƙi, tambaya ɗaya a layi ɗaya, domin da manhajar fassara za a karanta shi. Ka aika aƙalla mako ɗaya kafin zuwa. Ka tambayi ɗakin wanka na keɓe da kuɗinsa, da abinci, da ko suna ɗauko baƙi daga tashar bas.

Abincin dare a riyokan jerin ƙananan kwanoni ne, goma ko fiye, kuma an saye kayansa tun kafin ka iso. Ba a canza shi a kan tebur. Lardin Gunma ya yi suna da naman alade da na shanu, kuma naman shanun ba yankan Musulunci ba ne. Abin da ya fi ɓuya shi ne sake, giyar shinkafa, da mirin, wani ruwan zaƙi mai barasa da ake zubawa a miya da romo. Ka rubuta cewa ba ka cin kowane nama, kifi da ganye da ƙwai kawai, ba sake ba mirin. Romon da suke gina girki a kansa, dashi, daga busasshen kifi da ganyen teku ake yinsa, ba shi da matsala. Wasu masaukai za su amsa su yi, wasu za su ce naman za su iya cirewa amma mirin ya riga ya shiga miyarsu. Wannan amsar gaskiya ce, kada ka matsa. Sai ka kama ɗaki ba abinci, wanda suke kira sudomari, ka taho da guzurinka daga shagunan halal na Tokiyo, misali na unguwar Shin-Okubo, ka haɗa da dafaffiyar shinkafa da ƙwai da 'ya'yan itace daga kantunan da ke bakin dandalin garin. Gidajen abinci da yawa a Kusatsu suna rufewa da wuri, kada ka dogara da su bayan takwas na dare.

Hanya

Hanya mafi sauƙi ita ce jirgin ƙasa mai suna Kusatsu-Shima daga tashar Ueno da ke Tokiyo zuwa Naganohara-Kusatsuguchi, awa biyu da kusan minti ashirin. Sau biyu ko uku kacal yake tashi a rana, kuma kowace kujera sai an kama, don haka ka sayi tikitin zuwa da na dawowa kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya. Na wajen ƙarfe goma na safe ya fi dacewa. A bakin tashar akwai bas na kamfanin jirgin ƙasa, JR, da aka daidaita da isowar jirgi, yana hawa tsauni cikin minti 25 zuwa tashar bas ta Kusatsu. Jirgi da bas gaba ɗaya wajen yen 6,000 ne zuwa kaɗai. In kana da katin tafiya na baƙi, ka duba ko ya haɗa da wannan bas ɗin, domin wani katin jirgi kawai yake biya.

A kula da suna. Akwai wata Kusatsu a lardin Shiga, kusa da Kyoto, mai tashar jirgi da wannan suna daidai. In ka rubuta Kusatsu kaɗai a manhajar taswira ko injin tikiti, can za a kai ka. Kullum ka rubuta Kusatsu Onsen.

Mai son sauƙin kuɗi ya hau bas kai tsaye daga tashar Shinjuku da ke Tokiyo, awa huɗu, kusan yen 4,000, ba sauyi. Matsalarsa cunkoson ƙarshen mako da yawan lanƙwasar titi a ƙarshen hanya, mai amai a mota ya sha magani tun da wuri. Tuƙa motar haya a lokacin dusar ƙanƙara ba shawara ba ce ga wanda bai saba ba.

Babbar jaka ta zauna a Tokiyo, ko a otal ɗin da za ka koma, ko a akwatunan ajiya na tasha. Garin hawa da gangara ne, lungunansa matsattsu, kuma ba a jan jaka mai taya a kan tabarmar ɗaki. Abin da za ka ɗauka: kaya sauyi ɗaya, rigar sanyi ko a watan zafi, safa mai tsabta marar huji, man kaɗe ko wani man shafawa mai kauri, leda don jiƙaƙƙen tawul, dardumar salla ta aljihu, da mahaɗin soket mai baki biyu falle-falle, domin filogin gida mai ƙafa uku ba ya shiga. Ka riƙe tsabar kuɗi kamar yen 15,000 zuwa 20,000 da sulallan yen 100 don akwatunan ajiya. Injin cirar kuɗi na kantunan 7-Eleven da na gidan waya suna karɓar katin waje, amma ka gwada naka tun a Tokiyo.

Rana ta farko

Za ka iso wajen ƙarfe ɗaya. Ba a ba da ɗaki sai uku, amma ana karɓar jaka. Daga tashar bas tafiyar minti biyar ce a gangara zuwa Yubatake, zuciyar garin. Warin ne zai fara tarbarka. Sai ka ga fili a kewaye da shinge, ruwa na tasowa daga ƙasa kore-kore, kusan lita 4,000 a minti, yana bi ta cikin dogayen indararo bakwai na katako, sannan ya zubo a ƙarshe kamar ƙaramin gangaren ruwa kafin bututu su raba shi zuwa masaukai. Indararon ba ado ba ne. Iska ce ke huce ruwan yayin da yake tafiya a buɗe, don kada a surka shi da ruwan sanyi ƙarfinsa ya ragu. In ka leƙa cikinsu za ka ga ɓawo ruwan ƙwai ya kwanta a gindi. Farar wuta ce, ana kankare ta lokaci-lokaci a busar a sayar da sunan yu no hana, furen ruwan zafi. A cikin ruwan akwai wani tsohon murabba'in katako, daga nan ne aka riƙa ɗibar ruwa a ganga ana kai wa sarkin yaƙi Tokugawa Yoshimune har fadarsa a Edo, Tokiyo ta yau, a ƙarni na 18.

A gefen dandalin akwai rumfar tsoma ƙafa kyauta. Ka fara da ita, za ta gaya maka irin ruwan da za ka shiga. Ka zo da ƙaramin tawul.

Da ƙarfe uku ka koma masauki. A bakin ƙofa ake cire takalmi a sa silifa. A ƙofar ɗaki a cire silifa, tabarmar tatami da safa ko ƙafa kawai ake takawa. Banɗaki yana da silifansa daban, a bar su a can. Za ka tarar da yukata, doguwar rigar auduga mai ɗamara. Ɓangaren dama ake fara naɗewa a jiki, na hagu ya hau kansa. Akasin haka gawa ake yi wa. Ana sa ta a kan kayan ciki, kuma babu mai hana a sa dogon wando a ƙarƙashi, ko mace ta yafa mayafinta a kai. Nan take ka zaɓi awar wankan keɓe da awar abinci, wanda galibi ƙarfe shida ne ko shida da rabi, ba a jinkirta shi. In wani abu ya tsare ka a hanya, ka buga waya.

Sai ka fita kallon yumomi a gidan Netsunoyu, daf da Yubatake. Mata ne suke jeruwa a bakin kwami, kowace da allon katako mai tsawon santimita 180 da faɗin 30, suna juya ruwan suna waƙa, a ƙarshe su riƙa ɗaga shi sama yana fallatsa. Da haka aka riƙa saukar da zafin ruwa a da, zuwa wajen digiri 48, sannan masu neman magani su shiga tare bisa umarnin shugaban wanka, minti uku cif, su fito tare. Ana yin nunin sau uku da safe daga tara da rabi, sau uku da yamma daga uku da rabi, kowanne bai wuce rabin awa ba. A ranakun cika ka shiga layi minti ashirin kafin lokaci.

Maganar salla: kada ka dogara da samun masallaci a garin, ɗakinka ne wurin sallarka, kuma kai matafiyi ne. Alƙibla a nan yamma take, ta ɗan karkata arewa, wajen digiri 293, saɓanin gabas da aka saba a gida. A Disamba rana tana faɗuwa wajen huɗu da rabi, a Yuni kuma alfijir yana ketowa kafin uku na dare. Ka saita manhajar lokutan salla a kan garin.

Wankan kansa

Ko a ɗakin keɓe, ƙa'idar ɗaya ce, domin ruwan da ka bari shi na bayanka zai shiga. Labule mai alamar 男 na maza ne, galibi shuɗi, mai 女 na mata, galibi ja. Masaukai da yawa suna musanya ɗakunan da dare ko da asuba, don haka ka duba labule a kowace shiga.

Kafin ka tafi ka sha ruwa kofi ɗaya ko biyu. Kada ka shiga da yunwa sosai, kada kuma ka shiga sai an yi awa guda da cin abinci. Ka cire zoben azurfa, agogo, sarƙa da 'yan kunne, domin farar wuta tana mayar da azurfa baƙa ƙirin cikin mintoci. Kada ka yi aski ko gyaran fuska a ranar. Duk inda fata ta tsage, ko faso a dunduniya, ko yankan reza, ruwan zai nemo shi ya yi raɗaɗi. Waya ta zauna a kwando, ɗaukar hoto a ɗakin wanka laifi ne babba.

Ka zauna a kan 'yar kujerar tsugunno ka wanke jiki da sabulu, ka ɗauraye tas, musamman man shafawa da man gashi, waɗanda ke tasowa saman ruwa. A zaune ake yi don kada a fantsama wa na kusa. Mai dogon gashi ko kitso ta tufke shi sama. Sannan ka ɗebi ruwan kwamin da ƙaramin akushi ka riƙa zubawa, daga ƙafa zuwa gwiwa, zuwa cinya, hannu, kafaɗa, sau goma ko fiye. Wannan mataki shi mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma mafi amfani: jiki mai sanyi in ya faɗa ruwan zafi kwatsam, hawan jini yana tashi, daga baya ya faɗi, a nan ake samun suma.

Ka shiga a hankali zuwa ƙugu, ka tsaya minti ɗaya, sannan zuwa ƙirji. Kada ka yi ta motsi, motsi yana ƙara jin zafin. Ƙaramin tawul a ninke shi a ɗora a ka, ba ya taɓa ruwa. Minti uku zuwa biyar, ko da zarar gumi ya tsatso a goshi, ka fito ka zauna a baki ka huta, in kana so ka koma sau ɗaya ko biyu. Ka miƙe sannu, kana dafe da gefe. Kada ka wanke fuska da ruwan, in ya shiga ido ka ɗauraye da na famfo. Bugun zuciya, jiri ko tashin zuciya alama ce ta a fito nan take, a kwanta, a sha ruwa. Wanka uku a yini ya isa. Wanda ya zarce yana kamuwa da abin da suke kira yu-atari, kasala da ciwon kai da rashin cin abinci.

Japanawa da yawa ba sa ɗauraye jiki bayan onsen. A Kusatsu baƙo ya ɗauraye da ruwan famfo, musamman hammata da matsematsi, domin a nan tsamin ke taruwa ya saɓule fata. Ka goge jiki kafin ka taka ɗakin sa kaya. Cikin minti goma ka shafa mai da kyau, in ba haka ba fata za ta yi furu-furu fiye da na hunturu. Ka sake shan ruwa, ka huta rabin awa.

Mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su tuntuɓi likita tun a gida. Mai zazzaɓi, mai ɗanyen rauni da mace mai al'ada ba sa shiga, haka jariri mai kunzugu. Lambar motar asibiti 119 ce, kuma inshorar tafiya ta zama dole, domin asibiti a Japan yana da tsada ga baƙo.

Wani abu da ya shafi mata: wurare da yawa a Japan suna hana masu zanen allura a jiki shiga wankan tarayya, kuma ma'aikaci na iya ɗaukar ƙunshi, musamman baƙin lalle, a matsayin haka. A ambata shi a cikin saƙon kama ɗaki, a ce ado ne na ganye mai gogewa. A ɗakin keɓe babu wannan damuwa.

Ruwan gari da safiya ta biyu

Garin yana da manyan gidajen wanka uku na kuɗi: Gozanoyu a bakin dandali, Otakinoyu mai jerin kwamaye daga mai ɗumi zuwa mai tsananin zafi, da Sainokawara, tafki a fili mai faɗin murabba'in mita 500. Kuɗin shiga bai wuce yen dubu da 'yan kai ba. Dukkansu na tarayya ne, sai dai Otakinoyu yana da ɗakin haya na keɓe. A Sainokawara ana haɗa maza da mata da yammacin Juma'a cikin rigar wanka, a san da haka. Akwai kuma ƙananan gidajen wanka na unguwa guda 19 waɗanda mazauna ke sharewa da kansu. Uku ne aka buɗe wa baƙi, Shirahata da Chiyo da Jizo. Kyauta ne, ba a amfani da sabulu, ruwan na da zafi ƙwarai, kuma ba a surka shi sai da iznin waɗanda ke ciki. Sauran na masu gida ne, a bar musu.

Bayan magariba ana haska Yubatake da fitilu, tururin ya koma launi-launi. Ka hau matakalar haikalin Kosenji da ke sama da dandalin, daga can ake ganinsa gaba ɗaya.

Da safe, wanka ɗaya gajere kafin karin kumallo, wanda ake kawowa wajen bakwai da rabi zuwa takwas: shinkafa, gasasshen kifi, ƙwai, ganye. Ƙarfe goma ake barin ɗaki. Ba a ba da tukuici, godiya da ɗan sunkuyar da kai sun isa. Ka bar jaka a masauki ka bi titin Sainokawara, tafiyar minti goma sha biyar tsakanin shagunan da ke turara manju, ɗan burodi mai cike da wake mai zaƙi, har ka kai lambun da ruwan zafi ke fitowa ta ko'ina tsakanin duwatsu ya zama rafi mai tururi. A nan akwai mutum-mutumin Erwin Bälz, likitan Jamus da ya fara zuwa a 1878 ya yaɗa sunan garin a Turai. Kada ka fita daga turba, wasu kududdufan suna ƙona hannu. Tsamin ruwan nan ya kai har sai da aka gina masana'anta a 1964 da ke zuba garin farar ƙasa a rafin garin dare da rana, don ya daina cinye gadoji da kashe kifi a ƙasa.

Wasu suna so su hau dutsen su ga tafkin Yugama. Ziyarar dare ɗaya ba ta ɗaukar wannan, kuma ba kullum ake bari ba. Ana rufe hanyar tsaunin daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Afrilu saboda dusar ƙanƙara, ana kuma rufe ta duk lokacin da dutsen ya motsa. Ranar 23 ga Janairu 2018 ya yi aman wuta ba zato kusa da filin wasan zamiya, soja ɗaya ya rasu. Akwai wuraren da iska mai guba ke taruwa har an hana tsayawa da mota. In kana da rana ta uku, ka tambayi ofishin baƙi da ke tashar bas kafin ka taka.

Jirgin Kusatsu-Shima na ƙarshe yana barin Naganohara-Kusatsuguchi kafin huɗu na yamma, kuma bas ɗin da ke haɗuwa da shi yana cika. Ka isa tashar bas minti ashirin kafin tashi. In ya wuce ka, sai ƙaramin jirgi zuwa Takasaki, kusan awa ɗaya da rabi, daga nan Shinkansen, jirgin ƙasa mai tsananin gudu, zuwa Tokiyo cikin minti hamsin, da sabon tikiti. Gaba ɗaya mutum ɗaya ya tanadi yen 35,000 zuwa 45,000 don wannan dare, da sufuri da masauki da ƙananan kashe-kashe. Tawul da kayan cikin da suka taɓa ruwan a ƙulle su a leda daban, a wanke su su kaɗai, domin warin farar wuta yana kama sauran kaya kuma sai an yi wanki biyu ko uku yake fita.